Neman kalma: me za mu kira birus na kwamfuta da ƴan'uwansa da Hausa?

Jama'a, salamu alaikum. Na zo neman kalma, kuma abin da ya sa ni nema ya faru ne a gidan yayata cikin Birni, ranar Asabar da ta wuce.

Ɗanta ya kai kile, ɗan ma'ajin fayil da ake sokawa a kwamfuta, shagon sibar don a buga mishi aikin lakwal. Da ya dawo ya soka ta a kwamfutar gida, sai kowane fayil ya rikiɗe ya zama ɗan hoto mai ƙaramar kibiya a gindi, abin da ƴan gyara ke cewa rakursi. Hotunan bikin ɗiyarta da takardun kasuwancinta duk babu. Kafin in iso, wani jan rubutu ya fito a fuskar na'urar yana ihu cewa an kama cututtuka barkatai, a danna nan a biya a warke. Yaron ya danna. Na iske na'urar tana nishi, fankarta na juyawa kamar injin niƙa, da manhajoji uku kowace na cewa ita ce mai tsaro.

Yaya ta ja kujera ta zauna kusa da ni ta ce, "Ƙanena, a cikin waɗannan wanne ne maganin, wanne ne cutar?" Na buɗe baki na ji Faransanci kawai ke fitowa: birus, antibirus, fo antibirus. Ta dube ni ta ce, "Yi mini Hausa." Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, amma ga mace mai hankali da dukiyarta cikin na'ura, ba ta da sunan abin da ke cin ta. Wannan ya tsaya mini a rai.

Na san masu labarai na cewa ƙwayar cutar kwamfuta, wasu kuma muguwar manhaja don fassara malware, kalmar da aka ƙirƙira da Ingilishi a 1990. Ba kuskure ba ne. Matsalata da "ƙwayar cuta" ita ce tunanin da take jawowa: in cuta ce, to a ƙara magani, in ɗaya bai yi ba a haɗa da na biyu. Haka aka tara masu tsaro uku a na'urar Yaya, alhali biyu ma in suka haɗu, binciken juna suke yi suna shanye ƙarfin na'urar.

Ni shawarata ita ce gara. Garar kwamfuta.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san aikinta. Ƙyauren katako na nan tsaye da fentinsa, ka taɓa da yatsa ya burme, ciki duk gari. Ba ta shigowa da ƙara, ta ƙarƙashi take bi. Kuma tsofaffi sun gaya mana kankare hanyarta a bango ɓata lokaci ne, in ba a tone shurin an kashe uwar ba gobe za ta sake ginawa. To haka na rakursi yake. Fayilolin ba su mutu ba, ɓoye su ya yi ya ajiye na bogi masu sunansu, kana dannawa ka tashe shi. Uwar tana cikin kwamfutar, tana farkawa duk lokacin da aka kunna. Ka goge kile sau goma, ka mayar, ta sake kamuwa. Da na ce wa Yaya "gara ce, kuma uwar na cikin na'urar, ba cikin kilen ba," nan take ta ce wa yaron kar ya ƙara soka kilen kowa sai an tone. Jimla ɗaya ta isa.

Wani malami da na gaya wa ya kawo suka mai ƙarfi: a rubuce gara uku ce, ta ƙwaro, ta biki da ake kai wa gidan ango, da ta "gara haka". Gaskiyarsa. Amma a baki ba su haɗuwa, ta ƙwaro gajeren wasali gare ta a farko, ta biki dogo. A rubuce kuma "garar kwamfuta" ba wanda zai zaci alkaki da nakiya ake nufi. Antibirus na gaskiya sai ya zama maganin gara, ba sai an ƙago komai ba.

Saura masu tsaron nan, kuma iri biyu ne, kar a haɗa su.

Mai jan rubutun nan na kira shi bokan ƙarya. Bai duba komai ba, ya ce an yi maka sammu, ya firgita ka, ya ce kawo kuɗi yanzu-yanzu. Shi kansa gara ce da ta sa rigar mai magani. Na biyun kuwa antibirus ne na gaske, na gwaji, da ya maƙalo a jikin wata manhaja da aka sauko da ita. Kwanakinsa sun ƙare, ba ya tsare komai, sai tallan sabuntawa da shan ƙarfin na'ura. Wannan kaska ce. Ba ta kashe saniya, amma tana ramar da ita, kuma in ka fizge da gaggawa kanta na saura cikin fata. Shi ya sa manyan kamfanonin antibirus ke da ɗan kayan cirewa na musamman da ke kwashe ragowar.

Ga yadda aikin ya tafi da sabbin sunayen. Na yanke intanet tukuna. Na cire boka da kaska daga jerin manhajoji, na share abin da suka dasa a manhajar shiga intanet. Sannan Defender, mai gadin da Windows 10 ke zuwa da shi kyauta, wanda ke ja da baya in an saka wani, ya koma bakin aiki. Na sa shi binciken da yake yi kafin Windows ta tashi, lokacin da gara ba ta farka ta ɓuya ba, na bi da Malwarebytes, wata manhajar farautar gara. Sai daga ƙarshe na taɓa kilen: na share na bogin, na fito da ɓoyayyun da attrib, umarnin Windows mai cire wa fayil alamar ɓoyo. Hotunan biki suka dawo, Yaya ta yi ta hamdala. Kalmomin sirri kuma a waya muka canza su, ba a na'urar ba. Na kuma gaya mata Microsoft ta daina toshe ɓarakar Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, bangon ya tsufa, gara za ta ƙara samun hanya.

Mai kulle fayil ya nemi kuɗi, irin WannaCry da ya bazu ƙasashe sama da 150 a Mayun 2017, ba ya buƙatar dogon tunani: gara mai garkuwa, abin da yake nema kuɗin fansa. Wanda ke shigowa da siffar wasa ko waƙa, Bature ya ce dokin Taroy, mu muna da kura da fatar akuya tun kaka da kakanni.

Ƴan gyara na Kasuwar Dole, ku ne ke wannan aiki kullum, ku gwada gara, boka da kaska a kan masu kawo muku na'ura ku gaya mini ko sun kama. Sannan ku taimaka da guda ɗaya: tashin da ake yi wa kwamfuta da ƴan abubuwan dole kawai don gara ta kasa motsi, mod san eshek. Na gwada "tashin azumi", Yaya ta ce bai zauna mata ba.