Abin da na tsinta a hirar majalisa kan sola da waya

Bayan isha'i hira ta ɓarke a majalisarmu, a wani ƙauye kusa da Auyo, kan kayan zamani da suka shigo mana ba sallama.

Masu noman rani sun fi yabon injin ban ruwa na sola. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, kuɗin mai ya zame musu ƙarfen ƙafa. Shawararsu: mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗi su saya, amma a fara tambayar wa zai gyara in ya lalace, don a karkara mai gyara ya fi injin wuyar samu.

A kan tiransifa aka fi daɗewa. Wani dillali mai kai awaki Maigatari ranar Alhamis ya ce kada ka saki igiya sai ka ga kuɗin a asusunka da idonka, saboda alat na bogi ya yi yawa. Lambar sirri da BVN kuwa ba a karanta wa kowa a waya, ko ya rantse daga banki yake. Masu tuna wahalar canjin kuɗi suka ƙara da cewa a riƙa ajiye 'yar tsaba a gida.

Baba liman ya ce a riƙa karɓe wayoyin yara da dare. Samari suka bushe da dariya. Ni ma, gaskiya, ban ga wanda zai iya ba.