Wace kalmar Hausa ce za ta maye gurbin "renobeshin"?

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa masu kishin harshe. Abin da ya jawo wannan bincike shi ne saƙon da yayana ya aiko wa dangi bayan daminar bana ta ɗauke, inda ya ce kowa ya kawo gudunmawarsa za a yi wa gidan kakanmu da ke cikin birnin Kano "renobeshin". Kowa ya amince, amma da aka zauna sai ta bayyana cewa abu uku muke nufi da kalma ɗaya: wani yana nufin fenti da tayil, wani yana nufin a rushe a tayar da ginin bulo, ni kuwa ina nufin a ceto katangar yamma wadda ruwa ya fara ci daga gindi. Da a ce da Hausa aka faɗi maganar, da tun a daren farko mun gane ba mu yi ittifaƙi ba.

Kalmar da ta fara zuwa bakin kowa ita ce "gyara", kuma ba ni da ja da ita sai ta fuska guda, wato faɗinta ya yi yawa. Ana gyara kwan fitila, ana gyara miya, ana gyara zama. Wanda ya toshe yoyon soro ya yi gyara, wanda ya sauya azarar ɗaki ɗungurungum ma ya yi gyara, alhali tazarar da ke tsakanin ayyukan biyu, a kuɗi da lokaci da shawarar dangi, ita ce ainihin abin da muke neman suna dominsa.

"Kwaskwarima" ita ce 'yan jarida suka fi so, har sukan ce an yi wa asibiti ko kundin tsarin mulki kwaskwarima. A kunnen Bahaushe kuwa wannan kalma tana nuni da taɓa sama-sama, kuma gidanmu ya riga ya ɗanɗana kuɗarta. Shekarun baya an kawo wani magini ya lafta wa katangar ƙasa filastar siminti, ta yi sumul, kowa ya yaba. Siminti ba ya barin ƙasa ta fitar da danshin da ta sha, saboda haka ruwan da ya sulale ta tsaga ya zauna a baya yana narkar da tubali ba tare da kowa ya sani ba. Ranar da na ƙwanƙwasa bangon da hannu na ji yana amsawa kamar ganga, da muka ɓamɓare wani yanki kuwa sai jiƙaƙƙiyar ƙasa ta zubo tare da gara. Don haka ina ganin a bar kwaskwarima a matsayinta na fenti da kwalliyar fuska, domin muna bukatarta da wannan ma'ana idan za mu gargaɗi juna.

Wani malami ya ba da shawarar "garambawul", wadda ta fi dacewa da injin mota da majalisar ministoci, inda ake kwance abu a sake ɗaurawa. "Sabuntawa" ta fi kusa, sai dai tana ɗauke da haɗarin da nake gudu, domin wanda ya rushe zaure da dakalinsa ya kafa get na ƙarfe zai iya cewa ya sabunta gida, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba.

Abin da na tsaya a kai shi ne "raya gida", kuma daga bakin gwaggonmu na tsince shi. Tana jin ana ta lissafin tirela nawa ta yashi za a sauke, sai ta dubi yayana ta ce, "Kai dai Babangida, ku yi abin da za ku yi, amma kada ku kashe mini gidan mahaifina." Nan na tuna cewa Hausa tana ɗaukar gida a matsayin abu mai rai. Idan mutanensa suka watse, rufi ya rufta, ciyawa ta fito a tsakar gida, sai mu ce gida ya mutu, ya zama kango. Aikin da ke hana wannan mutuwa, ko ya komo da gida daga bakinta, ba shi da sunan da ya fi "rayawa" dacewa. Kalmar ba baƙuwa ba ce a rubutu, tunda muna cewa raya karkara da raya al'adu, malaman fiƙihu kuma suna karantar da hukuncin raya matacciyar ƙasa.

Za a iya cewa "raya gida" kan ɗauki ma'anar cika shi da zuriya, kamar yadda ake addu'ar "Allah Ya raya" idan an yi haihuwa. Na yarda da haka, kuma a ganina wannan ƙarfi ne ga kalmar, domin tana tilasta wa mai aikin ya tambayi kansa ko mutane za su ci gaba da zama cikin jin daɗi bayan magina sun tafi. A ƙarƙashinta shigar da wutar sola, da gina banɗaki na zamani, da jawo famfo duk suna da gurbi, matuƙar zaure ya ci gaba da zama zaure, kuma tsakar gida ba ta koma rami mai tara ruwa ba. Na faɗi haka ne saboda maƙwabcinmu ya shafe tsakar gidansa da siminti bai daidaita gangara zuwa rariya ba, yanzu duk ruwan da indararo ya zubo a gindin katanga yake kwana.

Akwai misali babba da ke nuna bambancin. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, an kewaye shi da ginin siminti a shekarun 1970, har ya kasance mai wucewa ba ya ganin ginin ƙasar daga waje sai ya shiga ciki ya ɗaga kai ya ga bakan gizon, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa da ke ɗauke da rufin. Hasumiyar masallacin Agadas kuwa, mai tsawon mita 27, tana tsaye da ƙasarta saboda ana sake yaɓe ta, kuma itatuwan da suka leƙo daga jikinta su ne matakan da masu yaɓen ke hawa. Na farko ya fi kama da sabuntawa. Na biyu kuma shi ne aikin da ake kira "mentenans", wanda nake ba da shawarar mu riƙa ce masa "tattalin gini", wato yaɓe kafin damina, da share indararo, da cire ciyawar kan soro, da shafe bango da makuba wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Na guji "tattalin gida" don kada a ɗauka maganar cefane ake yi.

Kalmar tana juyuwa ba tare da wahala ba: "mun raya gidan kakanmu", "kuɗin raya gida", "aikin rayawa ya tsaya", har ma "rayayyen gida" a matsayin kishiyar kango. Na sake rubuta saƙon yayana da ita, na ce za a raya gida, za a kankare simintin katangar yamma a mayar mata da yaɓen ƙasa, za a duba azarar ɗakin gwaggo, sannan a buɗe rariya. Wanda ke son rusau ya fito fili ya ce shi ginin bulo yake so, kuma mun sa ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar don a zauna a zauren a yanke magana.