Muhawara: Najeriya ta soke hukuncin kisa ne ba ta faɗa ba?

Bakano: Jama'a, ina nan kan bakana. Najeriya ta daina hukuncin kisa, kunyar faɗa kawai ake ji. Alƙali ya yanke, gwamna ya ƙi sa hannu, mutum ya tsufa a gidan yari. Sama da mutum 3,000 ke zaman jira. Rabon da a ji an rataye wani tun 2016 a jihar Edo.

Barista: A'a, Malam. Dakatarwa daban, sokewa daban. Saliyo ta soke a 2021. Ghana kuma a 2023 majalisarta ta cire shi daga manyan laifuka, sai cin amanar ƙasa da ya rage a kundin tsarin mulki. Mu kuwa dokarmu tana nan daram, kuma duk ranar da wani gwamna ya ga dama, biro kawai zai ɗauka.

Hajiya daga Maraɗi: Barista ya yi gaskiya. Mu a Nijar tun 1976 ba a aiwatar ba, amma kotuna har yanzu suna yankewa.

Bakano: Hajiya, ai hujjata kika ƙarfafa. Kusan shekara hamsin fa!

Ɗan Injamena: Yayana, zo ka tambaye mu. Mu ma a Chadi mun yi shekaru ba a kashe kowa ba, har mutane suka ɗauka an wuce wurin. Da bama-bamai suka tashi a Injamena a 2015, cikin watan Agusta aka harbe 'yan Boko Haram goma washegarin yanke musu hukunci. Sai a 2020 aka share shi daga doka.

Malama: Ni abin da ke damuna, ba wanda ya ambaci iyalan mamaci. A shari'ar Musulunci haƙƙin ƙisasi nasu ne: su nemi a kashe, su karɓi diyya, ko su yafe. Yanzu ba a kashe ba, ba a biya su diyya ba, ba a ma tambaye su ba.

Bakano: Madalla, Malama. Yarinyar nan 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya kashe a Kano, a 2022 aka yanke masa hukunci. Ganduje ya yi alkawarin sa hannu, ya sauka ba a yi komai ba.

Barista: Malam, muddin akwai damar ɗaukaka ƙara, gwamna ba shi da hurumin sa hannu. Wannan jinkirin kotu ne.

Bakano: To waɗanda Kotun Ƙoli ta gama da su fa, Barista, me ake jira?