Kaurin tsirkiyar jita: abin da makaɗa suka ce

Da aka tattauna batun kaurin tsirkiya, yawancin makaɗa sun tsaya a kan cewa hannunka ne alƙali. Ana kiran saiti da kaurin tsirkiyarsa mafi siranta, a ma'aunin inci. A jitar lantarki, .009 ta fi laushi, tana lanƙwasuwa cikin sauƙi, shi ya sa ake ba sabon shiga ita kafin yatsunsa su yi kanta. Matsalarta, in hannunka na da nauyi, sai ta riƙa karkarwa tana gogar ƙarafan da ke jere a wuyan jitar, sauti ya kauce. Mai bugu da ƙarfi, ko mai sassauta ɗauri don neman amo mai zurfi, .011 ce tasa. Jitar katako kuwa, wato wadda ba ta lantarki ba, galibi .012 ake ɗaura mata.

An yi gardama kan ko kauri ne ke kawo zaƙin sauti. Wasu suka kawo misalin shahararren makaɗin jita Stevie Ray Vaughan da .013 ɗinsa mai kauri, wasu suka ce ai Billy Gibbons, shi ma shahararren makaɗin jita, siririya .007 yake kaɗawa. Ni dai ina ganin .010 ta ishi mai shakka. In ka canza kauri sosai, a sake daidaita maka wuyan jitar.