Musayar waƙa a kan fari da tohon kututture

Malamin Tasawa ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na buɗe wannan musaya ne a kan abin da fari ya yi wa ƙasar Maraɗi da Damagaram, a Nijar, a shekarun 1973 da 1984, da kuma itatuwan da suka dawo gonaki bayansa ta hanyar sassabin zamani, wato manomi ya bar tohon kututture a gonarsa, ya gyara shi har ya zama itace, maimakon ya sare ya ƙone kamar yadda aka saba. Ra'ayina shi ne tsananin da ya durƙusar da mu shi ne ya buɗe mana ido. Amsa-amon waje “wa” ne, kuma ina roƙon duk wanda zai amsa ya riƙe shi.

Da sunan Allah zan fara waƙa,
Mai saukar da ruwa, Mai ɗaukewa.

Tsira ya tabbata ga Annabinmu,
Wanda ya koyar da haƙuri ga kowa.

Farin farko ya zo mana da zafi,
Shanu suka faɗi saboda ƙishirwa.

Kafin rumbuna su sake cika,
Na biyu ya zo, ya fi shi cutarwa.

Gonakinmu a lokacin fili ne,
Mun share su tas, ba reshe ba inuwa,

Domin manomin kirki a wancan zamani
Shi ne mai sare toho yana ƙonewa.

Sai iskar bazara ta taso da rairayi,
Ta bi shuka rami-rami tana binnewa,

A yi shuka sau biyu, a yi ta uku,
Iri ya ƙare, gero ba ya tsirowa.

Mata suka rasa itacen girki,
Kara da kashin shanu suke hurawa.

Da yunwa ta matsa muka dubi ƙasa,
Muka ga abin da muke takawa:

Kututturen kalgo da na sabara
Ba su mutu ba, ransu na cikin saiwa.

Wanda ya bar toho ya tsare shi,
Bai daɗe ba ya ga reshe na miƙewa.

Don haka na ce da ba mu faɗi ba,
Da har yau gatari muke wasawa.

Ku amsa mini, 'yan'uwa na nesa da kusa,
Da abin da kuka gani, ina saurarawa.

Gwaggo ta Agiye ta amsa:

Wa'alaikumus salam, Malam. Ina cikin waɗanda suka ga yunwar 1984 da idonsu suna riƙe da gida, kuma ba zan iya barin baitinka na kusa da ƙarshe ya wuce ba tare da na tanka ba.

Malam, na ji baitocinka da kyau,
Amma akwai guda da ba na karɓawa.

Ka ce da ba mu faɗi ba da ba mu gani ba,
Kamar fari alheri ne ko baiwa.

Ni na jiƙa anza a cikin tukunya,
Ina zubar da ruwa, ina sakewa,

Kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita,
Yara na kuka, ni ina rarrasawa.

Na ga an tona gidan tururuwa
Don 'yar ƙwayar da take tarawa.

Na ga maza sun tafi Kano cin rani,
Wasu sun tafi ke nan, babu dawowa.

Na ga uwa ta sauke goyonta,
Ta ga ɗan da take lallashi ya zama gawa.

Wane itace ne zai biya ta ɗanta?
Ko gawo dubu ba sa ramawa.

Mun karɓi ƙaddara, mun yi haƙuri,
Don Mai bayarwa Shi ne Mai karɓewa,

Amma ban yarda a yabi fari ba
Gaban iyayen da ya bari da kewa.

Ɗan Matamaye ya amsa:

Gwaggo, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba ki ladan haƙuri. Ni malamin gona ne, an haife ni bayan waɗannan shekaru, kuma abin da zan ƙara a kan maganar Baba Malam shi ne yunwa kaɗai ba ta dawo da itace ba. A 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya sha dasa itatuwa a yankin Maraɗi suna mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsirran da ke cike da gonaki tohon manyan itatuwa ne da aka sare. Toho ya fi dashe saurin girma domin saiwarsa ta riga ta yi zurfi ta kai ga danshi, alhali dashen da ake yi ranar bikin itace ta 3 ga Agusta yana bukatar ban-ruwa da shinge kafin ya kama. A yunwar 1984 an haɗa taimakon abinci da sharaɗin barin toho a gona, amma da aka daina rabon, mutane da yawa sun sare abin da suka bari, domin a lokacin doka ta sa itace a hannun gwamnati ko da a gonarka ya tsiro. Dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 su ne suka ƙarfafa haƙƙin manomi, kuma masu bincike da suka duba hotunan tauraron ɗan'adam sun kiyasta cewa farfaɗowar itatuwa a gonakin Nijar ta kai hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Zan amsa da ƙwar biyar, amma ban saki amsa-amon Baba ba.

Baba, fari bai dasa itace ba,
Bai kuma ba manomi tabbaci ba,
Wanda ya bar toho don buhu bai daɗe ba,
Da rabo ya ƙare bai yi jinkiri ba,
Ya ɗauki gatari ya koma sarewa.

Itace na tsaye a tsakiyar gonarsa,
Amma doka ta ce ba ya hannunsa,
In ya taɓa reshe, tara ce a kansa,
Malamin daji na tafe da takardarsa,
Wa zai yi reno don wani ya zo ƙwacewa?

Da aka ce wanda ya raya shi ne mai shi,
Ya datse reshe ya kai kasuwa da shi,
Ya yi rumfa, ya yi ƙotar hauya da shi,
Sai maƙwabci ya gani ya je ya tambaye shi,
Daga gona zuwa gona aka yi ta koyarwa.

Kuma gawo a Damagaram ba baƙo ba ne,
Sarki Tanimu tun da can mai tsaronsa ne,
Hukuncin mai sare shi mai tsanani ne,
Abin da muka tono ilimin kakanni ne,
Wanda aka yi wa sakaci ya kusa ɓacewa.

Malamin Tasawa ya sake rubutawa:

Zan fara da Yaya ta Agiye, domin maganarta ce ta fi nauyi, sannan in juya ga ɗana na Matamaye.

Yaya, Allah ya sanyaya zuciyarki,
Ya haɗa iyaye da 'ya'ya ranar gamuwa.

Ban yabi fari ba, ba na roƙonsa,
Kullum roƙona Allah ya yi mana garkuwa.

A cikin Baƙara Ubangiji ya faɗa
Zai jarrabe mu da tsoro da yunwa,

Da tauyewar dukiya da ta rayuka,
Da 'ya'yan itace su yi ta raguwa,

Sannan ya ce a yi albishir ga masu haƙuri,
Su ne a ayar abin yabawa.

Haƙurin da na sani ba naɗe hannu ba ne,
Har da tashi a duba abin gyarawa.

Annabi Yusufu da ya fassara mafarki,
Shekara bakwai ya sa ana tarawa,

A bar hatsi a cikin zangarniyarsa
Don shekarun tsanani masu zuwa.

Ɗana na Matamaye, na ji batun doka,
Gaskiya ne, kuma ina ƙarawa:

Doka ta zo ne ta tarar da manoma
Sun riga sun fara tun kafin sanarwa,

Abin da ya tura su kuwa shi ne
Tsohuwar hanya ta daina ɓullewa.

Mai sanda na Dakwaro ya shigo:

Sannunku da ƙoƙari, Baba Malam da Inna ta Agiye. Ni jikan makiyaya ne daga yankin Dakwaro, kuma farin da kuke magana a kansa ya fara cin garke kafin ya kai ga rumbu, saboda haka mu ma muna da baiti a wannan waƙa.

Kun yi ta zancen gona da manomi,
Ga mai sanda ya zo da abin cewa.

Kakana ya shiga farin farko da garke,
Ya fito da igiya, ba abin ɗaurewa.

Ya zama mai gadi a birnin Maraɗi,
Yana tsaron ƙofar wani, dare ba rintsawa.

Habbanaye ne ya mai da shi daji,
Aron karsana har ta yi ta haihuwa,

Ya riƙe maruƙa, ya mai da uwar,
Da haka garke ya sake taruwa.

Ya daina dogara ga shanu kaɗai,
Ya haɗa da awaki masu jurewa.

Gawo abokinmu ne a tsakiyar rani,
Yana fid da ganye, saura na zubarwa,

'Ya'yansa na ƙosar da tumaki,
Su bar taki a gindinsa suna wucewa.

Amma yanzu in yaro ya ɗaga sanda,
Sai mai gona ya fito da tsawa.

Burtali ya matse, mashaya ta yi nisa,
Farfaɗowar wani ta zam wa wani damuwa.

In za a ce tsanani ya gyara ƙasa,
A faɗa mini, rabon makiyayi nawa?

Ɗan Matamaye ya amsa masa:

Ɗan'uwa, tambayarka tana kan hanya. A ƙauyen Ɗan Saga na yankin Agiye mutanen gari sun kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya haɗa maza da mata har da makiyaya, kuma a ganina duk inda aka bar mai kiwo a waje, tsaron ba ya ɗorewa.

Ɗan'uwa, kukanka ya shiga kunnena,
Na sha ganin rigimar a bakin aikina,
In za a kafa kwamiti, ga ra'ayina,
A zaunar da mai garke kusa da mai gona,
A yanke ranar saki da iyakar kaɗawa.

Wanda aka hana da rana zai zo da dare,
Ya hau da barandami, reshe duk ya sare,
Renon shekaru a kwana guda ya ƙare,
Gara a yi rabo a fili, a zauna tare,
Da a kwana gadi ana zargin kowa.

Gwaggo ta Agiye ta dawo:

Malam, na ji amsarka, Allah ya saka da alheri. Zan kawo shaidar abin da ya faru a 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa sun lalata damunar 2004, sannan in yi magana da yaron nan na Dakwaro.

Malam, na karɓi ayar da ka kawo,
A kanta ba ni da abin musawa.

Zan kuma faɗi abin da na gani daga baya,
Don mai ba da shaida ba ya ragewa.

Shekarar da fara ta cinye gero,
Kuɗin tiya kullum yana hawa,

Amma wannan karo akwai itace a gona,
Na datse reshe na kai kasuwa,

Na sai da kuka, na sai da magariya,
Na auno dawa ina dafawa.

Ba mu ƙoshi ba, kuma an yi rashi a gari,
Amma gidana ya tsira daga watsewa.

Wannan itacen hannuna ne ya rene shi,
Na zaɓi toho masu ƙarfin tasowa,

Na cire saura, na rage na ƙasa,
Na ɗaure su, awaki ina korewa.

Allah nake gode wa, sannan maƙwabciya
Da ta nuna mini yadda ake datsewa.

Fari kam ba shi da kaso a godiyata,
A nan ne ni da Malam muke rabuwa.

Kai kuma ɗana mai sanda na Dakwaro,
Kukanka na da hujja, ina shaidawa.

In an saki gonaki bayan girbi,
Ka kawo tumakinka, ga kara ga ciyawa,

Ka ce wa yaro ya kaɗo 'ya'yan gawo,
Ya bar mini kan itacen, ban da sarewa.

Takin da za su bari ya ishe ni lada,
In akwai nono, da gero muke musanyawa.