Me ke lanƙwasa tantanin cikin ƙwayar halitta?

Ɗalibin likitanci, Birni:
Assalamu alaikum malamaina. An ce mana tantanin da ya kewaye cibiyar ƙwaya da na retikulum andoplasmik, wato RE, ragar tantani da ta bazu cikin ƙwaya, abu guda ne a haɗe. To me ya sa wani wuri yake a shimfiɗe, wani wuri kuma ya naɗe ya zama siririn bututu? Sannan in ƙwaya za ta rabu biyu, ina tantanin cibiya ke shiga?

Malamin bayoloji, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tantani maiƙo ne ninki biyu, in an ƙyale shi shimfiɗuwa yake so. Sai an tilasta masa yake lanƙwasa, kuma masu wannan aiki furotin ne iri biyu, retikulon da REEP. Gia Voeltz da Tom Rapoport suka nuna hakan a Harvard a 2006. Kowannensu na da sashe mai gudun ruwa da ke nutsewa cikin ninkin waje fiye da na ciki. Kamar ka yi ta cusa kara a fuskar tabarma guda: fuskar ta cika, dole tabarmar ta naɗe. Suna kuma jeruwa su yi baka a jikin bututun su riƙe shi, faɗinsa bai kai nanomita 100 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita).

Inda ya shimfiɗe ma akwai mai tsaro. Furotin CLIMP-63 na tsayawa daga ciki ya riƙe tazarar kusan nanomita 50 tsakanin bangon biyu. In aka cire shi tazarar ta koma wajen 30. Gefen shimfiɗar kuwa, inda ya lanƙwashe, retikulon ne a wurin.

Mai haɗa bututu da bututu shi ne furotin atilastin, yana ƙona GTP, wani makamashin ƙwaya, ya manne su a mahaɗa mai reshe uku. In ya lalace sai bututun su yi ta tsawo babu rassa. Wannan ka riƙe shi da kyau, don zai biyo ka asibiti: lahani a atilastin-1, REEP1 ko spastin, furotin mai datse zaren cikin ƙwaya, na jawo shanyewar ƙafafu ta gado mai sanƙarewa. Jijiyar da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa cikin laka na iya kaiwa kusan mita guda, ita ce ta fi jin jiki in RE ya kasa isa ƙarshenta.

Malama mai bincike:
Malam ya gama da ta farko. A ta biyu, ƙanena, tantanin cibiya ba ya narkewa. Da rabuwa ta fara, furotin CDK1 na liƙa sinadarin fosfat a kan lamin, ragar da ke tallafe cibiya daga ciki, sai ta warware. Ƙofofin cibiya su watse, furotin ɗin tantanin su koma cikin RE. REEP3 da REEP4 ne ke janye RE daga kan kromozom, wato ƙunshin DNA. In babu su tantani ya maƙale a tsakani, rabon kromozom ya ɓaci.

Wajen sake haɗa tantanin cibiya bayan rabuwa, RE ne ke shimfiɗuwa a kan kromatin, wato DNA da furotin da ke naɗe da ita. A nan yawan retikulon cikas ne: an gwada ƙara shi sai rufuwar ta yi jinkiri, da aka rage shi ta yi sauri. Ƴan ramukan da suka saura inda zaren mikrotubul mai jan kromozom ya ratsa, furotin LEM2 ke kiran CHMP7 da sauran ESCRT-III, rukunin furotin masu rufe tantani, su ɗaure, spastin ya datse zaren. A 2015 aka tabbatar da aikin ESCRT-III a nan. Ramin da bai rufu ba yana barin DNA a fili, ta lalace.

Ma'aikacin labo, Zango:
Ɗan'uwa, wani ɓangaren wannan za ka gani da idonka a madubin labo. Shafa jini siriri a gilashi, ka busar, ka kafe da metanol, ka rina da rinin Giemsa, ka duba da gilashin 100 da mai. Nutrofil wata farar ƙwayar jini ce. Cibiyar lafiyayye kashi 2 zuwa 5 take yi, kuma LBR, furotin na tantanin ciki na cibiya, shi ke ba ta wannan siffa. Mai lahanin LBR na gado, abin da ake kira Pelger-Huët, yawancin nutrofil ɗinsa kashi biyu ne zagayayyu da siririn zare a tsakani, kromatin a dunƙule.

Haɗarin shi ne a ƙirga su a matsayin ƴan nutrofil da ba su nuna ba, a rubuta ciwo mai tsanani, a ɗora wa mai lafiya magani. Dubi yawansu: in kusan duka haka suke kuma babu zazzaɓi, a gwada iyaye. In iyaye ba su da shi kuma mutumin ya manyanta, a binciki ɓargo da magungunan da yake sha, irin su takrolimus.