Waɗanda suka taɓa rataye zanen mutanen da a falo, ku zo mu ji

Daga Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan da muka tare a sabon gida, har yanzu bangon falo fayau yake. Raina ya kwanta da irin zanen nan na mutanen da, wanda ake sake bugawa a sa a firam. Kafin in fitar da kuɗi ina son in ji daga bakin waɗanda suka taɓa yi. Me kuka rataya, ya kuma ya kasance bayan shekara ɗaya ko biyu?

Daga Zariya:
Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri. Na farko da na saya zanen yarinyar nan ce mai ɗan kunnen lu'ulu'u da shuɗin ɗankwali, wanda Vermeer ɗan ƙasar Holan ya zana wajajen 1665. Kyau kam ba a magana. Sai dai duk baƙon da ya shigo sai ya ce, "Wannan kuma wace ce?" Ni kuwa ba amsa, don ko masana ba su san ko wace ce ba.

Daga baya wani abokin aikina ya nuna mini zanen Ayuba Sulaiman Diallo. Bafulatani ne ɗan malamai daga ƙasar Bundu, cikin Senegal ta yau. An kama shi aka sayar, aka kai shi Maryland a Amurka yana bauta a gonar taba. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ce ta zama silar 'yantuwarsa. A 1733 William Hoare ya zana shi a Ingila, da farin rawani da farar riga, ga Alƙur'ani rataye a wuyansa, shekarar da ta biyo baya kuma ya koma gida. Ranar da na kafa shi, Baba ya daɗe tsaye yana kallonsa, can ya ce fuskar ta tuna masa da malamin da ya yi karatun zaure a wajensa. Yanzu in baƙo ya tambaya, hira ce take ɓarkewa har shayi ya huce. Shawarata, 'yar'uwa, ki rataya wanda kika san labarinsa.

Daga Fatakwal:
Ni danshi ne ya cuce ni. Na rataye nawa a bangon da ke haɗe da banɗaki, damina ɗaya kawai takardar ta yi kumburi, gefenta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi. Da na zo buɗewa, ashe fuskar ta manne da gilashi, ina ja ta ɓare. Wanda ya yi mini na biyu ya zagaye hoton da kwali mai kauri don kada takarda ta taɓa gilashi, ya kuma liƙa 'yan robobi a bayan firam ɗin yadda iska za ta riƙa ratsawa tsakaninsa da bango. Wannan ya ga damina uku, lafiya lau.

Daga Kano:
Anti, mu nan rana da ƙura ne abokan faɗanmu. Na gefen taga ya koɗe cikin 'yan watanni, jan da ke jiki ya fara tafiya, fuskar ta koma shuɗi-shuɗi. Da hunturu kuma ƙura ta bi ta baya ta shige ciki, don ba a rufe bayan da salatif ba. Kuma kada a fesa ruwa kai tsaye a gilashi, gangarawa yake ya taru a ƙasa ya jiƙa takarda. A jiƙa tsumma a goge.

Sai maganar inda za ki samo hoton. Na taɓa kai wa mai wanke hoto wani hoton da aka turo mini ta WhatsApp, da aka faɗaɗa shi idanun suka zama dishi-dishi. Gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam da na Metropolitan da ke New York suna barin mutum ya sauke tsofaffin zanensu kyauta, manya, har tsagar fenti kana gani. Ki ce a buga miki a takarda marar ƙyalli, ta fi kama da zanen hannu.

Daga Sakkwato:
Ku yi haƙuri in kawo wani ɓangaren. Surukata ta zo mana kwana biyu, ta ga zane a falo, ta ce ba za ta yi salla a nan ba, ta kawo hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoto. Ban ji haushi ba, don gaskiyarta take tsarewa. Na tambayi malaminmu, ya ce akwai saɓani a kan hoton kyamara, amma zanen hannu na mai rai da aka rataye ya fi tsanani a wajen malamai da yawa. Na sauke, na sa Ayatul Kursiyyu a gurbinsa, zuciyata kuma ta natsu. Ki fara magana da maigida da iyaye tukuna.

Daga Damagaram:
Namu hoton kakanmu ne, baƙi da fari, yana zaune da babbar riga da takobi a cinya. Gara ta ci kusurwa ɗaya. Muka sa aka ɗauke shi a kwamfuta, aka buga wa kowane ɗaki kwafi, na asalin kuma yana cikin ambulan a akwatin Inna. A bayan kowane firam mun rubuta sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, don Inna kaɗai ta rage da ta gan shi ido da ido.

Daga Kaduna:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun yi magana da maigida jiya da daddare, ya ce ba a falo ba, tunda nan muke jam'i da yara, amma ya yarda da ɗakin karatu, bangon da rana ba ta bugu. Na kira Hajiyarmu, ta ce akwai hoton mahaifinta a ƙasan adaka, ranar Asabar zan je in karɓo. Malam na Zariya, don Allah girman na Ayuba Diallo nawa ka sa aka buga maka?